A zazzage motar a gani

Ruwan da aka tafka a daren wata Juma'a ya cika rafin Aboabo da ke Kumasi har ya hau titi, kamar yadda yake yi duk lokacin da damina ta kankama. Washegari da hantsi na fito na tarar da wani dattijo maƙwabcinmu, wanda tun ina yaro yake tuƙin tasi, ya wangale ƙofofin motarsa da but, ya shimfiɗa tabarma a bakin gida, yana fito da kaya yana jerawa su sha rana. Na durƙusa na gaishe shi. Niyyata in wuce, amma abin da na gani a kan tabarmar ya tsayar da ni.

Ga safayar taya, ga jak da sifana, ga guntun katakon da ake datse taya da shi a gangare. Igiya iri biyu, ta nailan da ta roba wadda aka yanko daga tsohon tub. Jarkar ruwa, galan ɗin man inji da ya rage rabi, buta, darduma a naɗe, silifas, tsumman goge gilashi, tocila, laima. Tukunyar kashe gobara da alwatika mai ƙyalli da ɗan akwatin magani, waɗanda dole a gan su in an tsayar da kai a hanya. Takardun mota a cikin leda biyu, ɗaya cikin ɗaya. Goro huɗu a ƙulle cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Wayoyin caji uku, kowace da irin bakinta. Ambulan da wata mata ta ba shi ya kai wa 'yarta a Asawase. Da takalmin yaro ƙafa ɗaya, wanda ya ce ya kai wata biyu yana jiran mai shi.

Na ce, "Baba, duk wannan daga cikin 'yar motar nan ya fito?"

Ya ce, "Ɗana, ai wannan nawa ne kawai. Ba ka ga na fasinja ba tukuna."

Sai ya nuna mini cikin but ɗin, inda tukunyar gas ta kwanta ta cinye kusan rabin wurin, kamar yadda take a tasi da yawa a Gana tun da direbobi suka koma gas don gudun tsadar fetur. A ɗan abin da ya rage ne buhun shinkafar wata zai shiga, da kwandon tumatir ɗin wata, da akwatin ɗalibar da za ta koma makarantar kwana. Tun ranar wata tambaya take bina: wanda ya zana cikin wannan mota, wane mutum ne a ransa?

Abin da ruwa ya tilasta wa dattijon nan, wasu sun yi shi da gangan da sunan bincike. Wajen 2011 wata masaniyar al'adun al'umma 'yar Ostireliya, Genevieve Bell, wadda ke aiki da kamfanin Intel a lokacin, ta bi ƙasashe ita da abokan aikinta suna roƙon mutane su zazzage duk abin da ke cikin motocinsu a kan shimfiɗa. Sai su ɗauki hoto, su zauna su tambayi labarin kowane abu. Abin da shimfiɗar ta nuna ya sha bamban da abin da baki ke faɗa. Na'urori masu tsada da kamfani ya girka a gaban mota suna nan ba a cika taɓa su ba, mutane kuwa sun shigo da wayoyinsu da tarkacensu sun cusa a duk ramin da suka samu. Mota ta zama ɗakin ajiya mai tafiya, kuma masu ita da kansu sun manta rabin abin da suka ajiye.

Wannan salon aiki shi ne dabarar ƙira daga idon mai amfani, wadda kamfanin IDEO na Amurka, da David Kelley da abokansa suka kafa a 1991, da kuma makarantar ƙira ta Jami'ar Stanford suka yayata ta a duniya. Matakanta ba su da wuyar ganewa. Ka zauna da mai amfani da abu har ka ji abin da yake ji, ka tantance ainihin matsalarsa, ka zubo dabaru da yawa, ka ƙera samfuri mai araha, ka ba shi ya gwada, ka dawo ka gyara. Mu a nan za mu ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, sai dai akwai ƙari. Mai ɗaki in ya daɗe da yoyon yakan tara kwano a wurin, har ya daina ganinsa a matsayin matsala. In ka tambaye shi sai ya ce ɗaki lafiya lau. Aikin mai bincike shi ne ya shiga ɗakin ya nemi kwanon. A mota, kwanon shi ne igiyar roba, da ledar da aka rataya a jikin giya, da mazubin tokar sigari da aka mayar asusun canji.

Masu ƙera motoci sun san amfanin wannan, kuma suna kashe kuɗi a kai in kasuwar ta kai. Da kamfanin Toyota ya ɗora wa injiniyansa Yuji Yokoya aikin sake fasalin motar iyali ƙirar Sienna ta 2004, bai tsaya a ofis a Japan ba. Ya tuƙa mota kimanin kilomita 85,000 a Amurka da Kanada da Meziko. Ya ga cewa mutanen can a cikin mota suke ci suke sha saboda nisan tafiya, abin da ba a saba da shi ba a Japan, sai ya cika motar da mazaunin kofi da kwalba fiye da goma. Ya tsaya a bakin shagunan kayan gini ya ga mutane suna saye faifan katako suna neman inda za su sa, sai ya faɗaɗa bayan motar har faifan ya shige. Tun kafin shi, a Faransa ta shekarun 1930, shugaban Citroën Pierre Boulanger ya ba injiniyoyinsa umarnin su ƙera motar da za ta ɗauki manomi da buhun dankali mai kilo 50, ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Daga nan 2CV ta fito a 1948. Wato an fara daga kaya da hanya, sannan aka zo ga ƙarfe.

Ko ma'aunin da ake auna but da shi yana faɗa maka wa aka yi wa motar. A Turai ana cika but ɗin da wasu 'yan tubala masu girman lita ɗaya-ɗaya a ƙirga. A Amurka akwai jerin akwatunan tafiya na gwaji, har da jakar sandunan wasan golf. Babu wanda ya auna da huhun goro, ko jarkar manja, ko doya goma sha biyu, ko ragon layya da aka ɗaure wa ƙafafu. Mazaunin kofin da Yokoya ya yi wahala a kansa, a Aboabo canji ake zubawa a ciki, don ruwan da direba ke sha na leda ne, ba ya tsayuwa a ramin kofi. A kan cinya yake ajiye shi, ko ya riƙe da haƙori har ya wuce kwana.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. A Gana mafi yawan motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema na hannu ne. Direban Aboabo shi ne mai mota na uku ko na huɗu. Sisinsa ba ya isa kamfanin da ya ƙera ta, don haka babu wanda zai biya mai bincike ya zo ya zazzage but ɗinsa. A nan ne dabarar ƙira daga idon mai amfani take da iyaka, kuma masu koyar da ita ba su cika faɗa ba: idon mai saye na farko ake bi. Wanda zai yi shekara goma sha biyar yana ciyar da iyali da motar bayan an yar da ita a can, ba ya cikin lissafi.

Amma rashin mai bincike bai hana binciken ba. An yi shi, ana kan yinsa, sai dai da guduma da walda ake rubuta shi.

Mutanen zango ba baƙi ba ne a ilimin lodi. Kakanninmu fatake ne da suka bi hanyar Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga don goron Asante, kuma sunan unguwanninmu ma daga masaukin ayari aka samo shi. Mai jaki ya san cewa in mangala ta rinjayi gefe ɗaya, kafin a kai zango na gaba bayan jakin ya yi gyambo. Ya san goro ba ya son zafi, ana naɗe shi da ganye, ana kwancewa a yayyafa masa ruwa a tsince wanda ya lalace. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, daga baya kuma lori ta karɓe hanyar arewa, wannan ilimin bai mutu ba, wuri kawai ya sauya. Lorin zamanin Turawa da bayan 'yancin kai, irin su Bedford, inji da kwarangwal kawai ake shigowa da su. Kafintoci ne a nan suke gina bodin katako, kujerun kuwa allunan katako ne da ake zarewa. In kaya sun yi yawa a rage benci, in mutane sun yi yawa a mayar. A ganina ba a taɓa yin motar da ta dace da ƙasar nan kamar wannan ba ta fuskar wuri, ko da yake in ta yi haɗari katakon ba ya kare kowa. Masaniyar tarihi Jennifer Hart ta bi labarin waɗannan direbobi a littafinta na 2016 kan sufurin mota a Gana. Ita kanta kalmar trotro, sunan motar haya ta fasinja, daga kuɗin mota ta fito, kwabo uku da Gā ke kira tro, wanda mu muke kira taro.

Yau magajin wancan kafinta yana Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera da masu walda da masu sayar da kayan gyara a arewacin Kumasi, wadda ake yawan ƙiyasta masu cin abinci a cikinta da kusan mutum 200,000. Duk wanda ya san trotro ya san hanyar da take bi. Sprinter ce ta ɗaukar kaya a Jamus ko Holan, wani lokaci har sunan kamfanin famfo ko gidan burodin da ya yi amfani da ita yana nan a jikinta. A Suame ake yanka mata tagogi, a walda kujeru jeri-jeri, a sa 'yar kujerar da ke naɗewa a bakin hanya, a ƙara ganyen sifirin a baya, a girka kariyar ɗaukar kaya a sama da tsani. Wasu masana biyu, Jojada Verrips da Birgit Meyer, sun taɓa bin rayuwar wata Peugeot 504 guda ɗaya da direbanta a kudancin Gana, suka wallafa a 2001, suka nuna yadda ake sake haifar mota a hannun makanikai har ta dace da hanya da aljihu. Kowane gyara a cikin waɗannan amsa ce ga tambayar da ba wanda ya yi wa direba. Ganyen sifirin yana cewa kaya sun fi abin da aka tsara nauyi. Kariya tana cewa but bai isa ba. Igiyar da ke riƙe da ƙofar baya tana cewa kayan nan ba su da siffar akwati.

Na taɓa zama da asuba a wata tashar motocin arewa a wajen Alabar ina jiran mota ta cika, na sa ido a kan mai lodi. Saurayi ne da bai kai talatin ba. Kaya na zube a ƙasa, shi kuwa bai taɓa ko ɗaya ba sai da ya zagaye su sau biyu yana tambaya: na Techiman, na Kintampo, na Tamale. Na mai nisa shi ya fara shiga. Jarkokin manja ya tsayar da su a ƙasa ya matse su da buhu don kada su motsa, ya nisanta su da dilar atamfa. Huhun goro ya ƙi yarda a sa shi a ƙasan da zafin salansa ke tasowa. Agade ya sa a sama. Jakunkunan Gana-mas-go, da yake su ne kaɗai masu kusurwa huɗu, da su ya gina bango. Wata hajiya ta miƙo masa jaka ta ce akwai Alƙur'ani a ciki, nan take ya fasa turawa ƙarƙashin kujera ya ce, "Hajiya, wannan ki riƙe a hannunki, ko in ba direba ya sa a gaba." Da ya gama, ƙofar baya ta ƙi rufuwa da kamar taƙi ɗaya. Ya zaro igiya ya yi ɗaurin da na kasa bin sa da ido.

Abin da ya yi a cikin minti arba'in ya haɗa nauyi da zafi da wari da nisan tafiya da darajar abu a wurin mai shi. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ba ya cikin littafin kowane injiniya. A motar Musulmin zango akwai sama da ƙasa na ladabi: littafi a sama, carbi a madubi, takalmi da buta a ƙasa, darduma a inda ƙafa ba ta taka ta. A 2007 kamfanin Proton na Malesiya ya sanar da shirin ƙera motar Musulunci tare da Iran da Turkiyya, mai na'urar nuna alƙibla da wurin ajiye Alƙur'ani da mayafi. Motar ba ta fito kasuwa ba. Ni dai abin da na lura shi ne, ko a sanarwar ba a ambaci ruwa ba. Duk wanda ya zauna da direba Musulmi na yini ɗaya zai ga cewa alƙibla ba ta ba shi wahala, masallaci na kowace kwana. Abin da ke damunsa buta ce, da ke kifewa a duk birki ta jiƙa masa darduma.

Kada kuma a ɗauka direba ne kaɗai mai amfani da wurin. Kaya mafi yawa na mata ne. Mai waakye da ke fita da asuba da tukunya mai zafi, mai koko da bokitinta, 'yar kasuwar da ke ɗauko albasar Nijar ko tumatir ɗin Burkina Faso daga inda manyan motoci ke saukewa, su ne ke biyan kuɗin lodi, su ne kuma ke asara in kwando ya murƙushe. Duk binciken da ya tambayi direba ya tsallake su, rabin magana ya ji. Kayan da mota ta kasa ɗauka kuwa ba ɓacewa suke ba, a kan 'yan matan arewa suke sauka, waɗanda ake kira kayayei a kasuwar Kejetia. Rabin sunan nasu ma kalmarmu ce, kaya.

To sai dai yabon wannan basira bai kamata ya rufe mana ido ba, don ana mutuwa a kanta. Ƙaramar mota abin da aka yarda ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, bai cika wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Manya biyar sun kusa cinye wannan kafin buhun farko ya shiga. Rufin yawancin ƙananan motoci an tsara shi ne ya ɗauki tsakanin kilo 50 da 100. In aka jibga nauyi a bayan tayoyin baya, gaban mota yakan yi sauƙi, sitiyari ya daina kama ƙasa yadda ya kamata. In aka jibga a sama, mota takan yi saurin kifewa a kwana. Ƙarin ganyen sifirin yana hana mota durƙushewa, ido ya ga kamar komai daidai, alhali birki da taya suna nan yadda suke, kuma su ne za a nema a gangaren hanyar Kintampo. Kayan da ba a ɗaure ba a cikin mota, in aka yi karo, kan fasinja suke nufa. Kujerar da aka walda a Suame tana iya zama mai ƙarfi, tana iya zama mai rauni, ba wanda ya gwada ta.

Ga wani abu da ya tsaya mini a rai a tabarmar dattijon. Dokar hanya ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, tana cikin dokokin da suka sa direba ke yawo da kayan kariya irin su tukunyar kashe gobara. Kowa yana da ita, amma a ina? A can ƙuryar but, ƙarƙashin kayan fasinja, a jikin tukunyar gas ɗin da ita ce abin tsoron. In wuta ta tashi, sai an sauke buhu biyu kafin a kai gare ta. An wajabta abu ba a tanadar masa mazauni ba, sai ya zama abin nunawa a shingen bincike kawai. Ƙarfe ɗan lanƙwasa da noti biyu a ƙarƙashin kujerar direba ya isa ya raba wannan matsala, kuma yaron maƙeri zai yi shi kafin azahar.

Wani ɓangaren kuma ba na ƙira ba ne sam, na ciki ne. Direbobi da yawa ba su ne masu motar ba. Akwai kuɗin da za su kai wa mai mota kullum, ko kuma suna biyan motar kaɗan-kaɗan har ta zama tasu. Bayan an cire wannan da mai da kuɗin tasha, abin da ke saura sau da yawa kuɗin lodi ne. Duk inci ɗaya na wuri kuɗi ne. In ka ƙera wa direba but mai faɗi, gobe zai cika shi ya nemi igiya. Wanda ya ce zane kaɗai zai magance lodin wuce kima bai zauna da mai biyan balas ba. Dole ƙira ta tafi tare da ma'auni a tasha da farashin lodi na gaskiya, kuma wannan aikin ƙungiyar direbobi ta GPRTU ne da hukuma.

An yi yunƙurin ƙera motar gida. A 2013 wani mai fasaha ɗan Holan, Melle Smets, da abokinsa mai bincike Joost van Onna, suka zauna a Suame tare da ƙungiyar masu sana'a ta SMIDO, suka haɗa mota daga sassan tsofaffin motoci a cikin kimanin mako goma sha biyu, suka sa mata suna Turtle 1, wato kunkuru. An kai ta Holan an nuna, an yi ta magana, amma ba ta zama motar kasuwa ba. Kamfanin Kantanka da Kwadwo Safo ya kafa yana haɗa motoci a Gomoa Mpota. Bayan manufar gwamnati ta masana'antar motoci ta 2019, Volkswagen ta fara haɗa motoci a Akra a 2020, Toyota a Tema a 2021, Nissan a 2022. Ci gaba ne, kuma ya samar da aiki. Sai dai haɗawa daban, zanawa daban. Sassan a shirye suke zuwa, an riga an yanke girman but da wurin kowane aljihu a wata ƙasa, kuma farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin direban Aboabo.

Amsar da ta fi saurin isowa unguwarmu ba daga waɗannan ta fito ba. Pragya ce da aboboyaa, wato kekuna masu inji. Ɗaya ta ɗauki mutum uku da ledarsu ta shiga lungun da tasi ba ta shiga, ɗaya kuma kusan dukkanta but ce mai ƙafa uku. Yawaitarsu a Aboabo da Asawase da Sawaba shaida ce ta irin gibin da ke akwai, har hukumar birnin Kumasi ta taƙaita shigar pragya tsakiyar gari a 2023, abin da ya jawo zanga-zangar matuƙanta. Su ma an fara yi musu abin da aka yi wa Sprinter: a ƙara wa aboboyaa tsayin bango da katako ko raga, a cusa kaya a bayan kujerar pragya har kan inji, ranar biki kuma a ga mutane tsaye a inda aka yi don yashi.

Abin da nake gani shi ne ba sabuwar mota muke jira ba. Ƙananan abubuwa ne, waɗanda Suame za ta iya ƙerawa gobe. Kariyar da aka gwada aka buga mata iyakar nauyinta a jiki. Raga ko shinge tsakanin kaya da kan fasinjan baya. Zobba a ƙasan mota da za a ɗaura igiya, maimakon a ɗaura a ƙafar kujera. Kujerar baya mai naɗewa wadda ke kulluwa da ƙarfi, wato bencin kafintan da ya dawo da ƙarfe. Akwati mai makulli wanda ruwa ba ya shiga don takardu da saƙon mutane, tun da direban zango har yanzu shi ne gidan wayarmu. Mazaunin buta. Kafin a taɓa ƙarfe kuwa, sai an yi abin da Bell ta yi, a nan, da harshenmu: ɗalibai su zo da tabarma da sikeli da abin awo, su zazzage tasi da trotro da pragya ɗari, su auna, su tambayi direba da yaron mota da mai lodi da hajiya mai kaya, su hau motar har Tamale su dawo. Jami'ar KNUST ba ta da nisa da Aboabo, kuma ba sabon abu ba ne a wurinta. Cibiyarta ta ba da shawara kan fasaha ta buɗe sashen koyar da masu sana'a a cikin Suame tun 1980. In jami'a ta gwada, hukumar lasisin motoci ta DVLA ta amince da samfuri, maƙera suka ɗauka, abin zai bazu da kansa, don a Suame in gyara ya karɓu a wata rumfa, kafin wata ya mutu yana ko'ina. 'Ya'yanmu na zango da ke karatun injiniya su ya fi dacewa su ja gaba, don su ne direba zai buɗe wa ƙarƙashin kujera ba tare da ya ɗauka haraji aka zo ƙirgawa ba.

Da la'asar ta yi na koma na tarar dattijon yana mayar da kaya. Bai yi shakka a kan ko ɗaya ba, hannunsa ya san gidan kowane. Safaya da jak a ƙasa, jarka a kusurwa ya tokare ta da guntun katakon, igiyoyi a saman komai don su ake fara nema. Takardu a aljihun gaba, goro a aljihun ƙofa ta ɓangaren da rana ba ta bugawa, darduma a bayan kujerar baya a jikin gilashi. Da ya ɗauki tukunyar kashe gobara zai tura ta gefen gas, na ce, "Baba, da za ka bari a yi mata mariƙi a ƙarƙashin kujerarka." Ya tsaya ya dubi tukunyar, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin kujerar, ya auna da tafin hannu. Ya ce ran Litinin zai shiga Magazine canza man inji, zai nuna wa mai walda. Ya ajiye ta a ƙasan kujerar gaba, ya tokare ta da silifas.

Takalmin yaron ne ya sa a ƙarshe, a kan dashbod, a jikin gilashi, inda za a iya hango shi daga bakin titi.